Sati Biyun da Na Ƙara wa Ƙafar Inna

Ƙaryar da mace ta yi wa mijinta don tana son sa, wane mala'ika ke rubuta ta, na dama ko na hagu? Na juya tambayar nan a raina har ta gaji da ni, ban samu amsa ba. In akwai malama cikin masu karatu, ta ji labarin tukuna kafin ta yanke mini hukunci.

Sunana Zalika. Shekarata goma sha uku a ɗakin Lurwanu, a Gidan Rumji, 'ya'yanmu huɗu. Sunan nasa ba na kama shi da baki, amma rubutu ba baki ba ne, ku bar ni in more. Mai awon hatsi ne, yana bin kasuwanni da buhunansa da tiyarsa, gero da dawa da wake. Ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, sallah ba ta taɓa wuce ni ban ɗinka ba. In aka tambaye ni zaman gida sai in ce alhamdu lillahi, kuma gaskiya na faɗa.

Sai dai akwai abin da ba a tambaya. Mun zama kamar shanun huɗa, kafaɗa da kafaɗa muke tafiya, kowa na jan nasa, ba mai duban wani. Ya dawo kasuwa fari fat da garin gero, in kai ruwa bayi, in ajiye tuwo, ya ci, ya ce sannu, ya kunna rediyo, barci ya kwashe shi kafin a gama labarai. Abin da ke tsakanin miji da mata bai mutu ba, amma ya shiga layin ayyuka, kamar ɗibar ruwa, a yi a gama. Sunana ma ya ɓace a bakinsa, na koma "ke". Ni ma ba zan wanke kaina ba. Zanen da na yi daka da shi, da shi nake kwana. Kwalbar humrar da aka ba ni tun haihuwar autana tana bayan kwanuka har ta daskare.

Bayan an gama yankan gero bara, igiyar akuya ta harɗe mahaifiyata, Inna Salamatu, a gidanmu na Cadakori, ta faɗi, ƙafa ta karye ƙasan gwiwa. Kafin in iso an ɗauko Barmo mai ɗori. Tsoho ne ɗan siriri mai hannu kamar ƙarfe. Ya ja ƙafar, ya jera kara, ya ɗaure tam, ya tofa abin da zai tofa, sannan ya dubi matan da ke tsaye.

"Wa za ta riƙe jinya?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ku ji da kyau. Wadda za ta riƙa gasa ƙafar ga safe da marece, ba ta kwana ɗakin miji sai ranar da na kwance karan ga. Haka na gada. In an taka dokata ƙashi ya goce, kada a kira sunana."

Nazira, matar ƙanena, watanta biyar da aure, ta sunkuyar da kai kamar ana karanta mata hukuncin kisa. Sai kowa ya juyo ya dube ni. Na ji abin da idanu suka faɗa: wannan mai shekara goma sha uku, me za ta rasa? Abin haushin, ni ma haka na gani.

Na kira maigidan a salula na gaya masa zan yi kamar kwana arba'in.

"To, Allah ya ba ta lafiya. Iya ta kula da yara. Ke, ina kika aje allurar ɗinkin buhu?"

Iya mahaifiyarsa ce, gida ɗaya muke. Haka muka yi bankwana.

Ranar kasuwar Cadakori ya zo a kan moto, wato babur ɗinsa, gaida Inna bayan la'asar. Kun san suruki da gidan surukai. Tun daga zaure ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da ƙofar ɗaki, idonsa a ƙasa, ya yi gaisuwa da muryar da ni ban san yana da ita ba. Aka kawo fura ya ce ya ƙoshi, alhali na san tun safe bai sa komai a ciki ba. Ya miƙe ya fita. Can sai salulata ta yi ƙara, saƙo: "Ina ƙofa."

Na ɗauki mayafi zan fita haka nan, Inna ta ce daga kwance, "Tahi da tabarma. Ba a barin baƙo tsaye."

"Wane baƙo, Inna? Shi ne fa."

"Nan gidan baƙo ne."

Akwai bishiyar bedi a ƙofar gidanmu. Ƙarƙashinta ya riƙa zuwa zance wurina shekara goma sha huɗu da suka wuce. Na shimfiɗa tabarma, ya zauna wancan bakin, na zauna wannan, don mutane na wucewa, kuma gidan ubana ne. Ya ba ni labarin yara cikin jimla uku. Na ba shi labarin ƙafa cikin biyu. Magana ta ƙare. Ba tuwon da zan ajiye, ba rediyon da zai kunna. Dole ta sa ya dube ni.

"Wannan tabon fa na hannunki?"

"Man tuya ne."

"Yaushe?"

"Azumin bara waccan."

Ya daɗe yana kallon tabon. "Ban gani ba," ya ce a hankali, kamar wanda aka kama da ragin awo. Ya miƙo hannu zai taɓa wurin, sai ga wata tsohuwa da ƙwarya a ka, ya janye da sauri ya hau gyaran hula. Dariya ta kufce mini. Shi ma ya yi. Rabon da mu yi dariya tare ba a kan wautar yaro ba, na manta.

Da na koma ciki, wurin da bai taɓa ba shi ne ya kwana yana mini ɗumi.

Kasuwar da ta zagayo, tun hantsi na tsinci kaina ina roƙon Nazira lalle. Ta dube ni ta gefen ido.

"Yaya, jinya ake ko biki?"

"Ba ni, kafin in sa Barmo ya mayar da jinyar kanki."

Ta haɗo har da turaren wuta da kwalli. Na ɗaura atamfata mai ganyen kuka wadda na zo da ita don ko za a yi suna a unguwa. Da na fito sai na tarar shi ma ba mutumin makon jiya ba ne. Ya yi aski, ya wanke garin gero a famfon masallaci, ya sa kaftaninsa ruwan toka mai karin guga. Ashe a leda ya ƙunso shi tun daga gida, ya ɓoye cikin buhunan wake. Ya ajiye ƙunshin tsire tsakaninmu.

"Na Inna ne," ya ce.

"Inna ba ta da haƙoran tsire."

"To a ba mai jinya."

Gwaggo Latifa, maƙwabciyarmu, ta zo wucewa, ta tsaya ta kare ido da hannu.

"Lurwanu, har yanzu ba a ba ka yarinyar ga ba?"

"Ana ta bincike, Gwaggo. Sun ce sai sun ji halina."

"Ka dage. Akwai wani mai moto sabuwa da ke zagaye."

"Ki gaya masa tayarsa za ta sace."

Da ta wuce ya sassauta murya. "Zali, wane turare ne wannan?"

Zali. Na ji sunan ya sauka tun daga wuyana har tafin ƙafa. Na ce na aro ne. Ya ce kada in mayar. Gefen mayafina na kan tabarma, ya ɗora ɗan yatsansa a kai, yatsa ɗaya tak, yana ta ba ni labarin farashin wake kamar ba shi ba. Ni kuwa ko kalma ban fahimta ba. 'Yan uwa, mutumin da na haifa wa 'ya'ya huɗu, yatsa ɗaya a bakin mayafi, amma da aka kira magariba na miƙe sai da na dafa bedi.

Daga nan salula ta shiga aiki. Shi da ba ya kira sai in abu ya ɓace, ya koma aiko bokal, saƙon murya, yana raɗa daga bayan rumfa. "Ƙamshin nan ya biyo ni kasuwa. Yau mutum ya ce gero na auna masa wake." In amsa masa daga bayan rumbu, "Ka riƙa bismilla kafin awo, Malam." Ya ce, "Bismillar ce ke tuno mini ke." Na goge wasu saƙonnin, don Nazira na ara salulata, kuma yarinyar na da kunne.

A kasuwa ta biyar, muna zaune, ƙafar Inna ta fara ɗaukar nauyi, na tambaye shi abin da ke cina.

"In na koma gida, za ka riƙa yi mini haka?"

"Kamar mi?"

"Ko sau ɗaya a mako. Ka yi wanka, ka tsaya ƙofa, ka yi sallama, in fito da tabarma."

Ya yi dariya har da buga cinya. "In yi sallama ƙofar gidana? In zauna waje kamar mai tallar maganin basir? Kin manta fadar su Ɗanlami na daidai ƙofarmu, suna shan shayi tun la'asar? Har jikokina sai an ba labari. A'a, Zali. Na nan daban, na gida daban."

Da wasa ya faɗa, na yi murmushi. Amma na fahimta. Ranar da aka kwance kara, ranar zan koma "ke".

Kwana arba'in da biyu Barmo ya dawo. Ya kwance, ya latsa, ya sa Inna ta taka da sanda daga gado zuwa randa ta dawo.

"Ƙashi ya kama. Mai jinya, na sallame ki."

Da marece bokal ya shigo: "Mi Barmo ya ce?"

Na zagaya bayan rumbu. Na danna, na saki. Na sake dannawa na ce, "Ya ce da saura. Sai an ƙara sati biyu."

Ina juyowa na ga Inna tsaye da sandarta, ta fito gwada ƙafa. Muka koma ɗaki na zuba mata fura.

"Zalika, ƙafata ce da saura, ko taki?"

Na rufe fuska da mayafi.

"Buɗe, ba duka zan yi ba." Ta kurɓi fura. "Ubanku, lokacin da muna da shanu, damina na faɗuwa shi ka yin arewa da su, sai kaka in gan shi. Duk dawowa amarya nike. Da shanu sunka ƙare munka zauna noma, kullum ga ni ga shi, ba a yi shekara uku ba munka koma wa da ƙanwa."

"To mi kuka yi, Inna?"

"Haƙuri munka yi, har Allah ya ɗauke shi. Ban ce ki yi irin nawa ba." Ta ajiye ludayi. "Ni dai ba ni ɗingishin ƙarya da tsufana. In ya zo gaisuwa zan rufe ƙafa da zane, in ya tambaya in ce da sauƙi. Ban yi ƙarya ba. Sauran ke da Ubangijinki."

Kasuwa ta zo, ya zo, kaftani sabon guga, da rake har sanda biyu. Hirar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba, ta fi ta kullum. Amma duk sanda ya ce "Allah ya ba Inna lafiya" sai in kawar da kai. Na ce wa kaina ai ban cuci kowa ba. Mijina ne, ba na wata ba. Abin da nake karewa ma aurensa ne. Da irin wannan lissafin na kai ƙarshen mako.

Kasuwar da ta biyo baya ya zo da wuri, kuma ba tsire. Ya zauna ya ciro takarda ninki huɗu daga aljihu ya ajiye a tabarma.

"Daga lakol. Mushen su Munira ya aiko."

Munira ce babbar ɗiyarmu, shekararta goma sha biyu, lokacin tana ajin jarrabawa a lakol, makarantar boko, mushe kuwa malaminsu ne. Na buɗe. Ban yi nisa a boko ba, amma na gane lamba tara.

"Kwana tara ba ta je ba," ya ce. "Ciwon bayan Iya ya tashi, ba ta iya daka. Yarinyar ita ke daka, ita ke tuwo, ita ke wanke ƙannenta. Ni ina fita da asuba, ban lura ba. Ta hana a gaya miki, wai kada hankalinki ya rabu, Inna na jinya."

Na ƙirga a raina. Kwana tara. Duk cikin sati biyuna suke.

"Malam, akwai maganar da zan..."

"Barmo ya sayi dawa wurina waccan kasuwar. Tun da safe. Ya ce in yi masa ragi, shi da ya tayar mini da suruka ya sallamo mini mata."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. "Ka sani ka zo ka zauna kana ba ni rake? Don mi ba ka faɗa ba?"

Ya sosa ƙeya, yana kallon tushen bedi. "Na riga na kai kaftani guga."

Ban san sanda dariya da hawaye suka zo mini tare ba. Ya bari na gama.

"Na ce a raina, in ta ce sati biyu, wa ni in ce ɗaya? Ke kin yi ƙarya, ni na riƙe miki ita. Mu biyu muka sha zaƙin, Munira ta sha taɓarya."

Na miƙe na naɗe tabarmar tun bai gama tashi ba. "Kawo moto."

Inna ta sa mini albarka, ta cusa mini daddawa da kuka a jaka. Nazira ta biyo ni zaure ta danƙa mini sauran turaren. "Riƙe, Yaya. Na ga ya karɓe ki."

Muka iso Gidan Rumji rana na shirin faɗuwa. Na tarar da Munira a bakin turmi, zanena na aiki ɗaure a ƙugunta har ninki biyu. Na karɓi taɓaryar na buɗe tafin hannunta, duk ya yi kanta. Ta ce, "Mama, ya ƙafar Inna?" Na ce ta warke tun sati biyu, ni ce na daɗe, kuma laifina ne. Ta dube ni ba ta gane ba, ban kuma ƙara bayani ba. Na yi mata kitso a daren, da safe na raka ta lakol da ƙafata na ba mushe haƙuri.

Abin da ya faru tsakanina da maigidan bayan yara sun yi barci, wannan ba na masu karatu ba ne. Abin da zan ce kawai, washegari ya makara sallar asuba, Iya kuma ta yini tana tambayata ko sauro ne ya hana ni barci, tana murmushi cikin goronta.

Kwana biyu, uku, gida ya fara cin abinsa. Auta ya yi zawo. Akuya ta shiga rumbu. Rana ta huɗu ya dawo fari fat, ya ci tuwo, ya kunna rediyo. Rana ta biyar na ji ya ce, "Ke, ina igiyar moto?" Na miƙa masa. Ban yi fushi ba. Na ce to, Zalika, kin ɗanɗana, wasu ko ɗanɗanon ba su samu ba. Miji nagari, yara lafiya, hatsi a rumbu. Na ɗauki turaren Nazira na ajiye kusa da tsohuwar humra.

Ranar kasuwar Cadakori ta zagayo. La'asar sakaliya ina bakin murhu ina kaɗa miya, hayaƙi na cin idona, sai na ji sallama daga waje. Muryar namiji, a ladabce. Na ce wa Iya ko baƙo ne, maigidan bai dawo ba. Sai na ji dariya ta ɓarke a fadar su Ɗanlami, irin wadda ake buga benci. Na ajiye maburgi na leƙa ta tsagar ƙofar zaure.

Shi ne. Kaftani ruwan toka, hula zanna, ƙunshi a hannu. Ya kafe moto can nesa kamar ba a gidan take kwana ba. Takalmansa a tuɓe, a jere gefe. Gumi na bin wuyansa, ya ƙi waiwayawa.

"Salamu alaikum. Wai Zalika na ciki?"

Iya ta ɗaga murya daga ɗakinta. "Wane ne?"

"Ɗanki ne, Iya," na ce.

"Ya ɓata hanya ne?"

Daga fada Ɗanlami ya ƙwala, kofin shayi a hannu, "Lurwanu, gidanka ne fa. Ko rana ta taɓa ka?"

"Na san gidana ne," ya amsa, idonsa na kan ƙofa. "Wurin mai gidan na zo."

Na dubi zanen jikina, duk toka da miya. Na ruga ɗaki a kan yatsu, na jawo atamfa, na zuba garwashi a kasko, ina neman kwalli. Iya ta turo mini sabuwar tabarmarta da ƙafa ta bakin labule.

"Kada ki yi sauri," ta ce. "Bar shi ya sha rana kaɗan."

A waje dariyar fada ta ƙaru, har da masu tafi. Na ji ya gyara murya, ya sake yin sallama, wannan karon da ƙarfi, yadda duk layin zai ji.